Firijin da Yake Warkewa a Zaure

Ku samarin yanzu kun ɗauki gyaran firij abin wasa. A kawo muku firiza ba ta tsayawa, ku latsa waya, waya ta ce muku sensa ce, ku aika Birnin Kebbi a sayo sabuwa, ku zare ku soka, ku tafi kuna hura hanci. Ban ce ba ku iya ba. Amma rannan na ji ɗayanku yana cewa ai firij ba ya ƙarya, abin da ka gani a jikinsa shi ne ciwonsa, sai na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni nan na yi watanni ina bin wani firij a Kalgo wanda duk ranar da na je sai in same shi lafiya garau, alhali ƙafar mai shi tana ruɓewa a dalilinsa. Ku gyara zama. Sai na faro daga tushe, don in ba ku san yadda muke aiki a lokacin ba, ba za ku gane abin da ya ɗaure mini kai ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a zama ne. A Sakkwato ne, farkon shekarun tamanin, a shagon wani mutumin Gana da muke kira Oga Kwame. Ya ajiye ni kan benci kusa da wani tsohon firij, ya ce kada in taɓa komai, in dai saurara, in injin ya tsaya in gaya masa, in ya tashi in gaya masa. Na ɗauka raini ne. Ni da na baro Gwandu da niyyar riƙe sifana, ga ni ina gadin ƙarfe. In hankalina ya tafi kan masu tallar fura injin ya tsaya ban faɗa ba, sai dai in ji ranƙwashi a tsakar ka. A haka kunnena ya koyi wannan 'yar ƙara, ƙas, wadda firij ke yi kafin ya huta.

Sai da kunne ya nuna sannan ya buɗe ya nuna mini mai yin ƙarar. Tamosta ce, wannan da ake murɗawa a ƙara sanyi ko a rage, kuma a bayanta akwai wani siririn bututun ƙarfe, kaurinsa bai fi tsinken tsintsiya ba, da 'yar iska a rufe a cikinsa. Mu jela muke ce masa. Ita ce kakar wannan sensar taku. Bakinta yana manne da jikin akwatin ƙanƙara, an danne shi da wani ɗan ƙarfe. In akwatin ya yi sanyi yadda ake so, iskar cikin jela ta tsuke, tamosta ta ce ƙas, injin ya huta. In kuwa jela ta bar mazauninta, to injin ba shi da mai gaya masa ya isa haka. Zai yi ta gudu ba dare ba rana, har ƙwai ya fashe, tumatir ya koma dutse.

Da gwamnati ta sallami baƙi 'yan ƙasashen waje Oga Kwame ya koma ƙasarsu, ya bar mini gejin awon gas da mita mai allura, ni kuma na tattara na dawo Gwandu na kafa rumfa kusa da tasha. In ka cire tukunyar gas, kayan aikina duka jaka ɗaya ke ɗaukarsu: filaya, sukudireba, testa, fitilar walda, sai kofin silba da ƙullin gishiri. Ku yi ta dariya, kofin nan ya fi mitar aiki. In ina zargin jela, sai in fasa ƙanƙara a kofi, in barbaɗa gishiri don sanyin ya ƙaru, in tsoma bakinta a ciki in kasa kunne. In ta ce ƙas, lafiyarta lau, a nemi ciwon a wani wuri. In ta yi shiru, ta mutu. Robar bakin ƙofa kuma da guntuwar takarda nake gwada ta, in rufe ƙofa a kanta in ja. In ta zare ba gardama, to iska na shiga.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, Inna Jumma mai ƙanƙara, da ta sa aka turo mata firij a amalanke ana gab da kama azumi, ta ce in cire mata wannan abin da ke sa shi lalaci. Na ce Inna, ba lalaci ba ne, hutawa yake. Ta ce ita da ta saye shi ba ta hutawa, sai shi? Haka duk masu ƙanƙara da zoɓo suke, ba su ƙaunar jela ko kaɗan, don wuta ba ta daɗewa, so suke in ta zo injin ya yi ta gudu har ta tafi. Na haɗa mata kai tsaye, na gaya mata injin ba zai ga wani azumin ba, bai kuwa gani ba. Mutum ɗaya ne ya saɓa musu, wani mai kemis da ake kira Malam Isa. Shi kullum gargaɗinsa kada firijinsa ya kuskura ya daskarar da abin da ke ƙasa, don akwai magungunan allura da in sun daskare sun mutu, ko da sun narke sun koma kamar ba abin da ya same su. Har da allurar ciwon suga a cikin waɗanda ya ambata. Ni dai na riƙe maganar ne don kada in ɓata masa kaya.

Sai shekarar da transfomar unguwarmu ta ƙone. An ce za a kawo wata, aka yi ta cewa za a kawo, damina ta zo ta wuce, rani ya shiga. Firij ya koma akwatin ajiye tufafi a gidaje, wani ma kaza ta yi ƙwai a bayansa ta ƙyanƙyashe. Wanda ya yi ƙarfin hali ya jona a ƙaramin janareta ya ƙona injinsa, kuma ba shi da abin sayen wani. Na sayar da tukunyar gas ɗaya muka ci, na tafi Malisa na yi wa kawuna ban-ruwan albasa, har hannun da ya saba da sukudireba ya yi kanta. Wannan shekarar ce ta koya mini hanyar Kalgo. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, garuruwan da ke kusa da Birnin Kebbi sun fi mu ganin wuta. Sai na riƙa ɗaure jakata a bayan babur duk ranar kasuwar Kalgo, in bi shaguna da gidaje.

A can na san Alhaji Garba mai injin shinkafa. Ƙaƙƙarfan mutum ne, mai faɗa da dariya a lokaci guda. Yana da ciwon suga, kullum da safe shi yake yi wa kansa allura kamar yadda aka koya masa a asibiti. Saboda maganin nan ya sayi firij, ya kuma ja masa waya daga babban janaretan injin shinkafa, don haka ko an ɗauke wuta firijinsa bai cika sanin an yi ba. Matarsa ɗaya, Hajiya Kulu, gidansa kuma gidan kulle ne irin na da, baƙon namiji ba ya wuce zaure. Wannan ba sabon abu ba ne a wurina. Yawancin firijin da na gyara a lokacin ban taɓa ganin ɗakin da suke zaune ba. Za a aiko maka, kafin ka iso an kashe shi, mata sun kwashe kayan ciki, sun wanke shi tas da sabulu, don ba macen da za ta yarda kayanta ya fita gaban maza da ƙazanta. Sai 'ya'yan gidan su turo maka shi zaure yana ƙyalli.

Ranar farko na sami Alhaji a zaure ya miƙe ƙafar dama, an ɗaure babban yatsa da tsumma. Ya ce ƙusa ya taka a wurin injin, ba wani abu ba ne. Ƙarar da ya kawo ita ce firij ba ya hutawa, kwalaben lemo suna fashewa, nono yana zama dutse. Tun kafin in kwance jaka na ce a raina jela ce, yau aikin banza ya samu. Na leƙa, ga jela a mazauninta. Na zare ta na tsoma a kofi, ta ce ƙas. Na gwada roba, ta riƙe takarda gam. Na mayar da komai na jona, na zauna muna hira, firij ya yi sanyi ya huta, ya tashi ya sake hutawa, kamar yau aka fito da shi daga kwali. Sai na tuna da Malam Isa, na tambayi Alhaji inda maganinsa yake zama. Ya ce a ciki mana, ina kuma zai zauna. Na gaya masa in dai firijin nan yana daskarar da nono, to a yi hattara, maganin nan ba ya son daskarewa. Ya ɗaga mini hannu.

"Wanga ba shi daskarewa. Kullum Kulu ka kawo min shi tare da kokon sahe, ruwa-ruwa, ko sanyi babu. Kai dai gyara min firij."

Hankalina ya kwanta. Na ƙara ɗaure ɗan ƙarfen da ke danne jela, na rage lambar sanyi, na tafi.

Kasuwa ba ta zagayo sau nawa ba aka ce Alhaji na nemana. Firij ya koma halinsa tun ranar da aka mayar da shi ciki. Na same shi a zaure an wanke shi, na jona, ya yi aiki lafiya lau. Amma Alhaji ba lafiya lau yake ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ga babban jug na ruwa a gefensa, yana sha yana ƙarawa, jim kaɗan ya dogara sanda ya zagaya. Tsumman ƙafar ya haura ya rufe tafin sawu. Na ce a raina wataƙila tamostar ce mai taurin kai, irin wadda ke maƙalewa in ta ga dama, don akwai su. Na hau babur har Birnin Kebbi na sayo sabuwa fil, jelarta miƙaƙƙiya ba ko lanƙwasa, na ɗaura da hannuna, na danne bakinta, na zauna har la'asar ina jin tana cewa ƙas a kan kari. Na ce wa Alhaji in ya sake ganina a kan firijin nan to gaisuwa na zo.

Ya sake ganina kuwa, kuma ba gaisuwa ba. Wannan karon tun daga bakin zaure wani wari ya tare ni, an turara wurin amma turaren bai iya rufe shi ba. Alhaji yana kishingiɗe, muryar nan da ake ji daga kasuwa ta koma ciki. Ya ce a asibiti an ƙara masa yawan allurar, an yi masa faɗa wai yana shan zaƙi a ɓoye, shi kuwa ya rantse rabonsa da sukari har ya manta. A gari ana ta cewa jifa ce, wai masu injin da ya ƙwace wa ciniki ne suka yi masa. Duk da haka bai fasa tsokanata ba, ya ce ko dai ni ma manomin albasa ne na ari jakar wani. Na haɗiye, na durƙusa gaban firij na leƙa da tocila.

Jela tana mazauninta, amma ba yadda na bar ta ba. Jelar da na ɗaura miƙaƙƙiya, ga ta da gwiwa a tsakiya, irin ta ƙarfen da aka lanƙwasa aka sake miƙarwa. Ɗan ƙarfen da na ɗaure tam ya yi sako-sako. A bakinta kuma ga wani ja-ja, na goga da yatsa na sansana, na ji warin jemammiyar fata. Ƙarfe ba ya lanƙwasa kansa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Na gaya wa Alhaji akwai hannun da ke taɓa abin nan a cikin gida, kuma ana mayar da shi kafin a fito mini da firij. Na roƙe shi ya bar ni in shiga in gan shi a inda yake zaune, da kayansa a ciki, ba a wanke ba, ba a kashe ba. Nan take fuskarsa ta canza.

"Mamman, ubana bai bari an shiga gidanai ba, ba ni ka hwarawa ba. Kulu shekara da shekaru tana riƙe da gidan ga, ko cokali ba ta taɓa ɓatarwa ba. In aiki ya hi ƙarhinka, ka ce ya hi ƙarhinka."

Na ce to shi ya leƙa da kansa. Ya ce shi da wace ƙafar, kuma me ya haɗa shi da kayan mata. Na ce to a tambaye ta ko ta san abin da ke taɓa wayar. Ya ce ba zai tuhumi matarsa a kan maganar mai gyara ba. Na ce a kai maganin wani firijin, ya ce magani yana zuwar masa ruwa, me kuma nake nema. Raina ya ɓaci sosai. Na miƙar da jela, na danne, na ɗauki jakata ina cewa a zuci na bar zuwa gidan nan. Amma da na koma Gwandu abin ya ƙi barina, na je na kwashe labari na gaya wa Malam Isa. Ya ce mutumin da ke shan ruwa haka yana ramewa, ciwo ya ƙi warkewa, to maganin ba ya aiki a jikinsa, ko ma mene ne dalili. Ya ce in koma in gaya masa a sake sabo, kuma kada a ajiye shi a gidan.

Da wannan saƙon na isa Kalgo ranar kasuwa, na sami zaure wayam, an naɗe tabarma. Ina tsaye sai ga Malam Bello, yayan Alhaji, dattijo ne manomi mai magana ɗaya. Ya ce jiya aka kwashi Alhaji zuwa asibiti a Birnin Kebbi bai san inda kansa yake ba, ƙafar ta yi baƙi har ƙauri. Shi ma yanzu ya sauka daga mota, likitoci ne suka ce a kawo musu maganin da yake amfani da shi su gani. Na tare shi na gaya masa komai, gwiwar jela da jan da na gani da maganar Malam Isa. Na ce in ya bar ni na shiga yanzu, kafin kowa ya taɓa komai, wataƙila a gane abin da ke cin ƙaninsa. Sai ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya yi sallama da ƙarfi, ya ce mata su shiga ɗaki ga baƙo, ya ce in biyo shi.

Firijin yana cikin rumfar ƙofar ɗakin Hajiya, an lulluɓe kansa da ƙyalle mai aikin hannu. Tun daga nesa na ji kukan injin, kukan abin da ya daɗe bai huta ba, na kai hannu bayansa na janye don zafi. Na buɗe ƙofa. Ko'ina fari fat. Jela kuwa an zaro ta daga mazauninta, an lanƙwaso ta ƙasa an yi ƙugiya da ita, a jikin ƙugiyar ga wata 'yar jakar jan fata irin ta dukawa, sabuwa, mai kyau, an zuge bakinta a kan bakin jelar, tana reto dab da gindin akwatin ƙanƙara inda sanyi ya fi tsanani. Na kwance na zazzage a tafin hannuna. Kwalaben allurar Alhaji ne, kowace ta daskare ta yi fari kamar gishiri.

Na ga firij ya ja mutum ya yar, na ga ɓera ya soye a cikin inji, amma ban taɓa ganin abin da ya kai na ranar muni a bakin aiki ba. Na tsuguna a wurin da kwalabe a hannu. Malam Bello ya juya wajen labulen ɗaki ya tambayi wanda ya rataye jakar nan. Muryar Hajiya Kulu ta fito a natse, har da ɗan jin daɗin wadda aka ga aikinta.

"Ni ta, Yaya. Maganin maigida na, ba ni aje shi ƙasa cikin nama da miya, ɗiya suna buɗewa suna ruhewa. Na ga maratayi can sama, sai na sa an ka ɗunka mai jaka."

Na ce wa Malam Bello ya tambaye ta ko maganin yana yin tauri. Ba ta jira ya maimaita ba.

"Kullum awa dutse. Sai in sa shi cikin ruwan zahi shi narke, in shahe shi da zanena, kar sanyi shi shiga jininai."

Ta ci gaba da bayani ba wanda ya tambaye ta. In za a fitar da firij zaure takan cire jakar, don bai kamata maganin mijinta ya fita idon jama'a ba, ta miƙar da wayar ta mayar inda ta same ta, kada mai gyara ya ce ta ɓata kayan kamfani. In an dawo da shi ta sake ratayewa. Wato kowace safiya maganin yana mutuwa a ƙanƙara, a sake kashe shi a ruwan zafi, sannan a kai wa mutumin nan a kan faifai da ladabi. Ni kuma ina zaure ina tsoma jela a kofi ina murna ta ce ƙas.

Na yi wa Malam Bello alama mu fita waje, niyyata in gaya masa a can, ita kuma a ce mata firijin ne ba shi da kirki. Amma shirun da muka yi ya riga ya isa bayan labule.

"Malam mai gyara, mi ya hwaru? Ba sanyi likita yac ce a sa shi ba?"

Na so in kauce wa tambayar. Malam Bello kuwa ba ya iya lanƙwasa magana, ya gaya mata yadda abin yake, cewa maganin in ya daskare ya mutu, duk watannin nan ruwa Garba yake tsira wa kansa. Can muka ji kwano ya faɗi a ɗaki, abincin da ta shirya kai masa asibiti ne. Sai muryarta, ƙasa-ƙasa, kamar ba da mu take ba.

"Ashe ni ka kashe shi kullum sahe."

Malam Bello ya zuba kwalaben a aljihu ya kama hanyar tasha. A asibiti aka sa wa Alhaji sabon magani, ya farfaɗo, amma ƙafar ta riga ta tafi, sai da aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Ni kuma na sake wa firijin wata tamostar, ya koma hutawa a kan kari, gyaran da bai fi shan kofin shayi ba. Tun daga ranar ban sake karɓar firij wankakke na ce na gan shi ba. In ba za a bar ni in shiga ba, sai in tura matata ta leƙo mini shi da kayansa, ta zo ta gaya mini abin da ke saman me.

Bayan an sallamo Alhaji aka aiko in zo. Na tafi ban san da wane ido zan kalle shi ba. Na same shi a zaure da hantsi, an naɗe ƙafar wando ɗaya an soke da fil, ga sanduna biyu a jingine, Malam Bello yana tsaye a kansa yana faɗa. A nan na ji abin da ake ciki. Hajiya da bakinta ta gaya wa mijinta tun yana gadon asibiti. Tun da ya dawo kuma ba ta ko bi ta gaban firijin ba, ba ta cin abincin kirki, ta ɗaure kayanta tana roƙo a mayar da ita gidansu. Malam Bello ya kwashe maganin ya kai gidansa, shi yake kawowa kowace safiya. Yau kuma Alhaji ya ce ba zai karɓa daga hannun kowa ba. Rana ta yi sama, bai yi allura ba, bai karya ba, leɓensa ya bushe, ga kwalba a hannun yayansa ya ƙi ko kallonta.

Da ya gan ni sai ya jawo sanduna ya miƙe da ƙyar, ya ce in biyo shi. Mutumin da ya ce ubansa bai bari an shiga ba, shi ne a gaba yana dogarawa, ni a baya, har rumfar ƙofar ɗaki. Ya kira sunan Hajiya. Ta amsa daga bayan labule, murya a dushe.

"Alhaji, ka yahe min. Hannun ga ya ci ƙahwarka, ba shi ƙara taɓa maganinka."

"Ƙahwa ni na ci abata, ran da wanga bawan Allah yac ce in bar shi shi shigo na hana. Hito shi gwada miki wurin ajewa. In ba ke kin ka kawo min ba, ba ni yin allurar ga, yau ko gobe."

Ya lallaba ya zauna a kan wani turmi da aka kife, ya ajiye sanduna a ƙasa. Gumi yana keto masa, kansa yana rinjaya, Malam Bello ya buɗe baki zai yi magana ya ɗaga masa hannu. Ni kuma ina kallon mutumin nan ina tsoron kada ya kife a gabanmu.

Labule ya motsa. Ta fito lulluɓe da mayafi, kanta a ƙasa, 'yar ƙaramar mace, ashe ma ta manyanta. Na buɗe firij na nuna mata jela, na ce wannan ba maratayi ba ne, ba a taɓa shi. Na nuna mata tsakiyar shanta ta biyu, nesa da akwatin ƙanƙara, nesa da bangon baya, na ce nan ne wurinsa, kuma ba ruwansa da ruwan zafi. Malam Bello ya miƙa mata kwalbar. Ta karɓa. Ta ajiye, ta janye hannu.

"Nan?"

Na ce nan.

Ta rufe ƙofar ta tsaya ta dafa ta. Sannan ta sake buɗewa, ta ɗauko kwalbar da hannu biyu, ta taka zuwa inda yake ta durƙusa a gaban ƙafarsa ɗaya. Alhaji ya ɗage rigarsa, ya buɗe wurin da yake yin allura.